Jakin Baba

A bakin fadamar Kalgo na yi ƙuruciya, saboda haka na san ƙara. Na san kukan kwaɗi da damina, wanda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Na san tsawar da ke sa awaki su tsinke igiya. Amma wallahi duk cikinsu babu mai rashin mutuncin jakin babanmu. In ya buɗe baki, mai salla ma sai ya rikice a raka'a.

Bayan mun koma Gwandu, kunnen Baba ya fara nauyi. Kukan kaji ne ya fara ɓace masa, sai sallamar baƙi, sai muryar Inna, har ya zama sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ya juyo. Daga baya tsawa ma ta tafi. Sai dai ya ga walƙiya ya yi tasbihi, don ya san abin da ke biyo ta.

Jakin kuwa ba ya tsinana komai, tunda babur ya karɓe masa aiki. Ci da kuka kawai. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi har na gaji da ba da haƙuri. Na tsuguna gaban Baba, na kai baki kusa da kunnensa na ce a kai jakin kasuwa.

"Kai, bar min abina," in ji shi. "Muddin ina jin ɗan banzan nan, ban zama kurma ba."

Na ji haushi. Aka ma matso da turken jakin bayan ɗakinsa. Duk sanda jakin ya ɓarke da kuka, sai Baba ya ɗaga kai yana murmushi ya ce, "Ji marar kunya!"

Wata rana da hantsi yana zaune a kan tabarma, ina gefe ina gyaran fartanya. Jakin ya miƙe wuya ya saki kukan da sai da Inna ta toshe kunne. Baba bai motsa ba. Kukan bai ma ƙare ba ya dube ni.

"Jakin ga lafiya yake kuwa? Kwana biyu ban ji bakinsa ba. Ka jiƙa masa kanwa."

Inna ta juya ta shige ɗaki. Ni kuma na ajiye fartanyar, na je na jiƙa kanwar.