Katakon Fuskar Nadalin

Duk mai cewa mace ba ta iya riƙe maɗaba'a, a turo min shi gindin gada in nuna masa ƙofar Polonia. Ni Menega, tun haƙorana suna cike nake soya kifi a jikin bangon shagonta a nan Benis, birninmu na kan ruwa, kuma ba a taɓa buga takarda a gidan nan ban ji kukan na'urar bugun a bayana ba.

Mijinta Nadalin ne ya kafa shagon. Mutumin kirki, gemu har ƙirji, ga hanci a karkace tun wani dambe da ya yi yana saurayi. Shekarar annoba aka zo da kwale-kwale aka tafi da shi tsibirin majinyata, ita kuma aka kulle ta a gida, ko rakiya ba a bar ta ta yi masa ba. Can ya rasu, aka ƙone kayan sawarsa. Mutane suka ce shago ya mutu. Ina! Tana fita takaba ta ɗaure ɗankwali ta tsaya a kan ma'aikata.

Ba irin manyan littattafan nan na malamai take bugawa ba. 'Yan ƙanana ne masu shiga aljihu: addu'o'in masunta, kalandar wata da cikar ruwa, maganin ciwon haƙori, da waƙoƙin soyayyar da masu tuƙin kwale-kwale ke rerawa su hana mutum sakat. In an rataye wani, labarinsa ma a wurinta za ka samu. Rabin mutanen unguwar nan a takardarta suka koyi haɗa baƙi. Wanda ya yi kwantai ni take ba wa in naɗe kifi, shi ya sa masu cin kifina suka fi kowa ilimi.

Hoto kuwa tsada gare shi, sai an sassaƙa shi a katako, don haka kowane mai ɗab'i 'yan katakan da yake da su yake ta juyawa. Na fuskar namiji ɗaya ne tak a shagon Polonia, kuma mai sassaƙar Nadalin ya zaunar ya kwaikwayi fuskarsa, har da hancin. Saman kan akwai gurbi. In sarki ake so a cusa ɗan katakon kambi, in likita ne a cusa hula, in waliyyi a cusa zoben haske. Mutumin banza kuma a bar wurin haka. Nadalin ya yi sarki, ya yi likita, amma aikinsa na kullum shi ne Waliyyi Nikolo, majiɓincin masu shiga teku.

Nakan tsokane ta, “Polonia, mutumin da ke minshari a coci, yau shi ne waliyyi?”

Sai ta ce, “Ke dai juya kifinki, ƙawata. Da ransa bai yi min rabin aikin da yake yi yanzu ba.”

Baki ne kawai. Duk yamma da bakin zanenta take goge katakon nan, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Shi kaɗai ya rage mata na fuskar mijinta.

Sai ranar da aka rataye Gaspare, ɗan fashin teku. Irin wannan labari da zafinsa ake sayarwa, kafin taro ya watse, kafin wasu shagunan su riga ka. Jiya-jiya aka gama buga addu'ar Nikolo. Polonia da kanta ta ɗauko katakon ta kafa a cikin harufa, tana ta azalzalar ma'aikata. Takardu suka fita tawada ko bushewa ba ta yi ba, aka saye tas.

Da rana sai ga Zorzi masunci yana dariya har da riƙe ciki.

“Uwar ɗaki, yaushe aka naɗa ɓarawo waliyyi ba a gayyace mu ba?”

Ta karɓi takardar ta duba. Ga Gaspare, ga jerin mutanen da ya kashe, ga zoben haske a kansa. Ta manta ba ta cire ba.

Washegari wani fada, limamin coci, daga masu tace littattafai ya zo da 'yan doka. Suka kwashe duk wata takarda mai fuskar nan. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, amma bai zo wasa ba. Ya ce ko a ƙone katakon a gaban jama'a, ko a garƙame shagon.

“Fada, zoben ne ya yi laifi,” in ji ta. “Ku ƙone shi, ku bar min fuskar. Mijina ne.”

“'Yata, fuskar da ta yi ɗan fashi ba za ta sake yin waliyyi ba. Zaɓi ɗaya.”

Ta dubi ma'aikatanta, kowanne da iyali a gida. Ta shiga ciki, ta fito da katakon, ta goge shi da bakin zane, ta zo ta sa a murhuna da hannunta. Katakon da ya sha tawada shekara da shekaru, nan da nan ya kama. Ni na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ita ko juyawa ta yi ta daka wa ma'aikata tsawa, “Me kuke kallo? Takardar da kuka jiƙa don bugu tana bushewa!”

Aiki ya ci gaba, amma Polonia ta daina tsokanata, ko na taɓa ta ba ta ramawa. Abin ya dame ni ƙwarai. Wata safiya na ja ta da ƙarfi ta raka ni bakin ruwa sarin kifi.

Muna isa ta yi turus. A goshin jirgin Zorzi, ga Nikolo manne da ƙaro, gishiri ya cinye gefen takardar, amma hancin na nan a karkace. Jirgin kusa da shi ma haka, na gaba ma haka.

“An ce mu ɓanɓare,” in ji Zorzi. “Na ce mai karkataccen hancin nan ne ya fito da ni daga guguwa, wani Nikolo ban san shi ba. In cire miki nawa, uwar ɗaki?”

Ta daɗe tana kallo kafin ta girgiza kai.

“Bar shi. Da ma bai taɓa son zaman shago ba.”

Tun ranar, ba ta buɗe shago sai ta je bakin ruwa ta tsaya jirage sun tashi. Da kunnena nake jin ta, a hankali, tana ɗaga hannu.

“Sai ka dawo, Nadalin.”