Rumbu Biyu a Shagon Baban Faifai

A layin masu gyara, ƙarƙashin matakalar wani bene, akwai shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Nan Baban Faifai yake gyaran kwamfuta tun gashinsa yana baƙi. Bai cika magana ba, amma in ya ji kukan fankar kwamfuta kawai yakan faɗi abin da ke damun na'ura.

Yana da wani hali. Tsarin da yake ɗora wa kwamfuta yakan haɗa faifan ajiya a ƙunshi guda, a raɗa wa ƙunshin suna. Shi kuwa duk na'urar da ta bi ta hannunsa, "rumbu" yake sa mata. Ta shago rumbu, ta kwastoma rumbu, ta 'yarsa Auta ma rumbu.

Ranar da za a rufe karɓar aikin kammala karatu, da hantsi, sai ga Auta a guje, mayafi a hannu, kwamfutarta a hammata.

"Baba, ta mutu! Ko ƙyaftawa ba ta yi, kuma aikina duk yana ciki. Da la'asar za su rufe!"

"Zauna, uwata. Faifan ai bai mutu ba."

Ya kwance kwamfutar, ya zaro faifan, ya jona shi da ta shago. Sai na'ura ta cije. Ta ga rumbu biyu masu suna ɗaya, ta ƙi buɗe baƙon.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo. "Maigida, yau dai rowar sunanka ta kama ka. Goge ɗaya mana a huta."

"Ka goge wanne?" in ji Auta. "Baffa, don Allah koma wurin agogonka!"

Baban Faifai dai sai murmushi, idonsa na ƙyalli, don irin wannan aikin ne ke motsa shi. Ya ce sunan nan shi ya raɗa, amma na'ura tana ba kowane ƙunshi wata doguwar lamba, haruffa gauraye da alƙaluma, wadda ba ta taɓa zama ɗaya da ta wani. Ya buga vgdisplay, umarnin da ke nuna lambobin ƙunshi. Lambobi biyu suka fito, kowacce ƙarƙashin rumbunta.

"To wacce ce tawa?"

"Yanzu za mu tambaya."

Ya sa na'ura ta nuna wane faifai ke cikin wane ƙunshi, ta kuma fito da lambar da masana'anta ta ba kowane faifai. Saura a gwada da wadda ke manne a jikin faifan Auta. Rubutun kamar ƙwan kwarkwata, tabaransa ya kasa.

"Baffa, ashe kana da rana," in ji Auta. "Ara mana madubin idon nan naka."

"Ɗazu ba ni kika kora ba?"

Ya miƙo dai. Ta maƙala a ido, ta duƙa tana karantowa, uban yana bi da yatsa a allo. Harafin ƙarshe na dacewa ya buga tebur har sukurori suka yi tsalle.

"Ga ki nan!"

Ya kira ƙunshin da doguwar lambarsa, ya canja masa suna zuwa "auta". Faifai ya buɗe. Aikinta yana nan cif, har hoton bangon allonta. Auta ta yi ihun da ya sa wani mai ɗinkin takalma a layin ya taso da allura a hannu. Ta kwafe aikin, ta rungume uban, ta zura da gudu da madubin Baffa a ido, sai da ya bi ta yana kira.

Da yamma ta bugo waya ta ce an karɓa. Lokacin Baban Faifai yana haɗa wa wani kwastoma sabuwar na'ura, yatsunsa har sun rubuta "rum". Ya tsaya, ya goge, ya ɗago kai.

"Bawan Allah, me ake kiranka a gida?"