Kwamin Zangon Fabijan

A shekarar 1962 Ambroz ya fara haɗuwa da Fabijan. An turo shi leburan hanya, aka ba shi wani yanki na tsohuwar hanyar kekunan doki da ke gangarawa daga duwatsu zuwa garin Rijeka. Fabijan kuwa a tsohon zangon hanyar yake zaune, inda kakansa ya yi aikin canza wa matuƙa dawaki. Dawakin sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage sai bargar da rufinta ya lotsa, da kwamin dutse na shayar da dawaki a bakin kwana, wanda ruwa ke gangaro masa daga wani ido can bisa tudu.

Ambroz ya ƙarar da ƙarfinsa wajen cike ramuka da shafa wa duwatsun mil farar ƙasa. Da aka yi sabuwar hanya, motoci suka koma can, shi kuma ya ajiye aiki da gwiwoyi masu ciwo.

Al'adar wurin ita ce, duk mai sha a kwamin, in ganye ya zube, ya hau tudun ya yashe magudanar da ke kawo ruwan. Ambroz ya sha, ya wanke fuska, ya sanyaya kwalbarsa a ciki, amma bai taɓa hawa ba.

"Doki ma ya fi ka kunya," Fabijan kan ce masa. "Shi ko ba komai yana jan kaya."

"Ni ma'aikacin gwamnati ne, tsoho. Ruwanka ba ya cikin aikina."

Bara ƙafafun Fabijan suka daina ɗaukarsa. Magudanar ta toshe, kwamin ya bushe. Masu motocin katako da har yanzu ke bin tsohuwar hanyar suka fara cewa kwamin dutse ne kawai da ya tare musu kwana, a ɗauke shi. Muddin babu ruwa, babu mai ja da su. Fabijan ya sa aka juya masa kujera ta ba taga baya, don kada ya riƙa ganin busasshen kwamin.

Ambroz ya ɗauki fartanya da sanda ya hau. In ya ɗan taɓa, sai ya zauna ya huta. Haka ya yi ta yi kwana da kwanaki, bai gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi bayan coci ya shigo wurin Fabijan, ya zauna da ƙyar. Ƙarar ruwa tana shigowa ta taga.

"Wa ya hau?" in ji Fabijan.

"Ina na sani? Ni da ko matakalar coci sai an kama ni. Zuba mini barasa, bayana zai karye."

Fabijan ya dubi hannuwan Ambroz da ƙaya ta yayyage. Ya zuba masa, ya cika kofin har baki.

"In ka shanye, raggo, zo ka kama mini kujerar nan mu juya ta."