Gaisuwar Kaka a Bab Makka

Wata Juma'a a watan Zulƙida, shekarar da na shiga aji uku, ina zaune gefen Kaka a kasuwar Bab Makka ina ƙulla mata yaji a leda. Alhazai sun cika kasuwa. Bayan ƙullin, ni ce mai lura da motar baladiyya, wato hukumar gari mai kamen masu talla, domin Kaka ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Tun lokacin ni mai fargaba ce, ko ƙaho aka danna sai gabana ya faɗi.

Kaka tana da wata al'ada da ke sa ni in ji kamar in nutse. Duk alhajin ƙasarmu da ya gifta sai ta ɗaga murya ta gaishe shi da wani yare da ba Hausa ba, yaren ƙauyensu na kan dutse a ƙasar Bauci. Sai ta dakata da awo tana jira. Ba wanda ya taɓa amsawa. Ran nan wasu 'yan ajinmu suka wuce da uwarsu, suka ji, suka tuntsire da dariya. Na ja mayafinta na ce da Larabci, "Halas ya sitti, aib!" Wato ya isa haka Kaka, abin kunya ne. Ta ce, "To Ladi sarkin kunya, ke ki riƙa amsa mini, sai in bar bayin Allah su huta."

A hanyar komawa unguwarmu ta Kurayyat ta koya mini amsar. Daga nan kullum da safe, ina share tsakar gida, sai ta gaishe ni. Ni kuma sai na leƙa na ga babu maƙwabta kafin in amsa can ƙasa-ƙasa. Takan yi dariya ta ce ina faɗa kamar mai dabino a baki. Har ta rasu ban tambaye ta sunan yaren ba, balle ma'anar abin da nake faɗa.

Kwanan baya 'yata ta karanta mini daga wayarta labarin Wagiman, wani yaren mutanen asalin Ostireliya. Wai tsofaffi kaɗan suka rage masu jinsa, kuma ba a tabbatar masa da ɗan'uwa ba cikin yarukan can. Da Larabci ta bayyana mini, don Hausarta ba ta kai ba. Ta ce, "Yumma," haka take kirana, "miskin, da wa suke hira?" Na kasa kallonta.

Yanzu in na bi ta Bab Makka lokacin Hajji nakan rage tafiya in kasa kunne, ina maimaita amsar a zuci don tsoron kar in ɓata ta. Gaisuwar kanta ta ɓace mini. Amsar ce kawai ta rage, ga shi babu mai gaishe ni.