Ranar da Inna ta hura bututu

Shekarun baya, yayata ta zo gida Anka da baƙi cike da mota. Likitar ƙirji ce, tana koyarwa a jami'a, tana kuma bincike kan abin da hayaƙin itace da ƙurar niƙan dutsen zinari ke yi wa huhun mutane. Ta daɗe tana lallashin abokan aikinta na wasu jami'o'i, har da wata likita daga kudu, cewa in ana son ganin gaskiyar tarin nan, a zo garinmu. Ni kuwa malamar firamare, na naɗa kaina uwar tafiya, ina shige da fice da sabon mayafi kamar ni na yi karatun.

Aikin ba wuya. A ba ka bututu, ka cika ƙirji da iska, ka hura iya ƙarfinka, na'ura ta auna huhunka. Maza masu niƙan dutse daga wajen Duza suka zo suka hura, har da gasa. Mata kuwa ko ɗaya. Na bi gida-gida, amsar ɗaya ce: "In abin na da kyau, mi ya hana uwar likita hurawa?"

Kuma da gaskiyarsu. Inna ta fi kowa tari a unguwarmu, shekara da shekaru tana girki a ɗaki marar taga. Sai dai yayata 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba, sai dai "waccan". Ga shi gwajin nan dole mai aunawa ya tsaya gabanka, ido cikin ido, yana ɗaga murya kada ka tsaya.

Da na kai mata maganar, Inna ta ce, "Ni waccan za ta tsaya ma bisa kai tana yi man tsawa? Ke ma ba ki da ta ido. Tashi ki ba ni wuri."

Baƙi suka fara maganar a kai gwajin mata Gummi. Na tarar da yayata a zaure, idonta ya yi ja. Ta ce, "Na zagaya ƙasar ga ina auna huhun iyayen mutane, tawa tana tari bayan katanga." Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don ban saba ganinta haka ba.

Likitar kudun ce ta ja ni gefe ta tambayi abin da ke faruwa. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari da Turancina na aji uku. Ta yi dariya ta ce in tsawar ce matsala, ita ta iya.

Na koma na ce wa Inna baƙuwa ce za ta auna ta. Ta ce, "Waccan fa?" Na ce tana bayan labule, na'ura kawai za ta duba. Sai ta ce, "Ba a ƙi ma baƙo." Ta jawo mayafinta.

Baƙuwa ta dage da 'yar Hausarta: "Mama, hura! Hura! Ƙara!" Inna ta hura, tari ya turnuƙe ta, ta huta ta sake. Na leƙa bayan labule na ga yayata tana share ido da gefen hijabi, ɗaya hannun yana kan na'ura. Kafin la'asar tsakar gidanmu ya cika da mata.

Huhun Inna ya taɓu. Aka ba ta maganin shaƙa, aka ce murhu ya fito sarari. Yayata ta faɗa wa baƙuwa, baƙuwa ta faɗa min, na faɗa wa Inna, alhali dukanmu muna ɗaki ɗaya.

Daga baya binciken ya fito a mujallar likitoci da sunayensu duka. Masu bincike na wasu ƙasashe suna kafa hujja da shi, ɗaliban yayata sun ɗora a kai, har yau kuma ita da likitar kudun ba su rabu da aiki tare ba. Ni dai duk inda na zauna sai na ba da labari, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Ina alfahari da ita, kuma na ƙara ganin girmanta don ba ta nemi Inna ta sauka daga al'adarta ba.

Murhu ya koma ƙarƙashin rumfa, tari ya lafa, amma Inna ba ta taɓa yaba wa yayata a fili ba. Sai rannan aka yi hira da yayata a rediyo, maƙwabciya ta shigo da murna: "Inna, ɗiyakki ce!" Inna ta kau da kai ta ce, "Ɗiyar mutane dai, Allah shi yi mata albarka."

Maƙwabciya na fita, ta zungure ni da gwiwar hannu. "In sunka maimaita, ki ƙara mishi murya."