Lambar da Ake Kawowa a Akwati

Jiya wata motar soja ta rage gudu a ƙofar gidanmu a Daɗin Kowa. Nan take na tuna da marigayi Kawu.

Tsohon soja ne. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya dawo da lambar yabo mai shuɗin ƙyalle. Wata safiya ina yarinya, yana goge ta da toka da lemon tsami a ƙofar gida, irin wannan mota ta tsaya gidan maƙwabta. Sojoji biyu suka fito riƙe da ɗan akwati. Tun kafin matar gidan ta kurma ihu, Kawu ya damƙi hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Kawu, me suka kawo mata?"

"Irin tawa ce, 'yata," in ji shi. "Ni na kawo tawa da kaina. Ita aiko mata da ta mijinta aka yi."

Yanzu ɗana yana can wajen irin wannan aiki. Motar jiya ta wuce, amma har yau ina ta leƙa ƙofar gida.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya Allah, ka sa yaron nan ya kawo tasa lambar a ƙirjinsa.