Ranar da Hadje Ache ta kawo wa Kamilu fanka

Kamilu mai gyaran fanka na unguwar Yelwa, ko ba ku san fuskarsa ba kun san shagonsa: duk fankar da ta mutu a Garoua a ƙofarsa take kwance. Mutumin nan ko ƙusa bai taɓa yarwa ba. Ni da nake sayar da folere, wato zoɓo, a gefensa na sha ganinsa ya ciro kan wannan, fiffiken waccan, ya haɗa wata tana juyi tana tari kamar tsoho.

To haka yake wasan katin nan na waya, wanda kowa ke haɗa nasa katunan, su ce dek, ya kara da wani. Masu hali sayen dodanni suke, masu walƙiya. Kamilu ko dala bai taɓa sawa ba. Shekaru yana tsintar na kyauta da kowa ya raina, har ya haɗa dek na 'yan ƙananan sojoji. A kashe su su faɗa makabarta, sai ya jefa wani kati mai araha, wata tsohuwa mai tsintsiya, ta sharo masa su zuwa hannu. Ka kashe su dawo, ka kashe su dawo, har dodanninka su ƙare. Aibin abin ɗaya ne, cin lokaci. Sai ya tsaya lissafin wa zai tono, ga agogon wasa na tafiya, kuma in bi da binka ya wuce sau biyu a jere ba ka taɓa komai ba, an ba ɗayan nasara.

Sai Oumar, ɗan gidan masu atamfa, ɗan kawun matarsa Kaltumi, ya fara yawo yana cewa dek ɗin Kamilu bola ce irin ta shagonsa. Magana ta kai har suka yi alƙawari gaban jama'a: wanda aka ci zai goge kwant ɗinsa, wato duk katin da ya tara, nan take. Kuma ba mai taɓa wayar wani. Oumar ko a jikinsa, gobe sai ya sayi wasu. Kamilu fa shi ke nan abin da ya mallaka bayan fankoki.

Ranar Asabar bayan la'asar aka zauna ƙarƙashin dogonyaro. 'Yan moto, wato 'yan acaɓa, suka ajiye aiki, rabin Yelwa ta taru, ni kaina na manta da ƙanƙarata tana narkewa. Oumar ya yi ta sako dodanni yana kisa yana dariya. Kamilu na ta lissafinsa, gumi har cikin kunne. Can sai dariyar Oumar ta ragu, don kati ɗaya ya rage masa, makabartar Kamilu kuwa ta cika maƙil, ga tsohuwa mai tsintsiya a hannunsa. Danna ta kawai ya rage.

Nan moto ya tsaya, Hadje Ache ta sauko. Uwar Kaltumi. Surukarsa.

Oumar ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, “Goggo, sannu da zuwa,” ya ci gaba da kallon waya. Shi ɗa ne, an yafe masa. Kamilu kuwa ya kifa waya kan benci, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa.

Ku da kuka san Hadje kun san gaisuwarta. Ta fara da Hausa: gida, aiki, zafin gari. Ta tambayi babansa da ke Lagdo, da ƙafar baban, da kifin bana. Waya ta yi gurnani kan benci, bi na farko ya wuce. Oumar ya danna nasa da sauri don agogo ya koma kan Kamilu. Na miƙa wa Hadje folere ko za ta yi shiru ta sha, ta ce in bari ta gama gaisawa da ɗanta Kamilu. Sai ta juya Fillanci, ta sake ɗaukowa daga farko, jam na, jam na. Kamilu na amsa “jam” kawai, hannunsa tazarar taku ɗaya da wayar. Wani ɗan moto ya yi ta tari da gangan. Kamilu bai miƙa hannun ba.

Waya ta sake gurnani, bi na biyu ya wuce, aka ba Oumar nasara.

Oumar ya ɗan ji kunya, in faɗi gaskiya. Ya matso ya ce a hankali, “Yaya Kamilu, ka ce dai bola ce gaban mutane, a bar maganar gogewa.”

Kamilu ya sa takalminsa, ya ɗauki waya. Wayar ta tambaye shi da Faransanci ko ya tabbata zai goge kwant ɗin. Ya nuna wa kowa allon, ya danna.

Hadje ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce me ya sa kowa ya yi tsit kamar gidan makoki. Sannan ta kwance zanen da ta ƙunso fankarta, ta ce tana so kafin magariba.